Tarihin Zazzaɓin Lassa Da Darasin Da Ke Cikinsa

Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu domin in kawo tarihin wata cuta wadda kowa ya san sunanta amma kaɗan ne suka san halinta. Ni dai tarihi na karanta a jami'a, kuma tun da na gama bautar ƙasa aikin ofis nake yi a ma'aikatar gwamnati. Abin da ya jefa ni cikin wannan bincike kuwa, wani abu ne da ya faru a taronmu na shekara-shekara.

A wajen taron na haɗu da wani abokina da muka yi aji ɗaya, muka kuma kwana ɗaki ɗaya har shekara uku, gadonsa a saman nawa. Na zauna ta hagunsa ina ta zuba masa labari, shi kuwa ko ƙala bai ce ba, har na fara zaton ko na yi masa wani laifi ne. Can sai ya dafa ni ya ce, "Mutumina, dawo ta dama. Wannan kunnen ai ya yi ritaya tun 2020." Na yi dariya don na ɗauka barkwancin da muka san shi da shi ne, sai na ga shi bai dara ba.

Ashe a watan Fabrairu na shekarar ne zazzaɓi ya kwantar da shi, da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Aka sayo masa maganin maleriya a kemis, ya sha kwana uku babu sauƙi, sai mai kemis ya ce to taifot ne, aka koma kan maganin taifot. Ana nan sai maƙogwaronsa ya kama ciwo har ko koko ba ya iya haɗiya. Maiɗakinsa ta ce a tafi asibiti, don ta ji ana cigiyar masu irin wannan zazzaɓi a rediyo, sai yayansa ya ce mata, "Haba ke kuwa, Lassa ai jini take sa mutum ya zubar ta hanci da baki. Kin ga jini?" A rana ta biyar dai ta yi ta maza, ta roƙi maƙwabcinsu ya ɗauke shi a mota. Likitan da ya duba shi ya leƙa maƙogwaronsa, ya tambayi kwana nawa ke nan, ya sa aka keɓe shi aka ɗebi jininsa, aka kuma fara yi masa magani tun kafin sakamako ya dawo. Ya yi sama da mako biyu a kwance. Yana fara samun sauƙi kunnen hagu ya toshe, bai kuma buɗe ba har yau. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce, "Wallahi har aka sallame ni ban ga ɗigon jinina ba, in ban da wanda suka ja da sirinji."

Wannan magana ita ta sa na koma ga littattafai da rahotannin likitoci. Abin da na tarar kuwa shi ne, tun daga 1969 zuwa yau labarin wannan cuta guda ne: yawancin waɗanda ta kashe ba yawan jinin da suka zubar ne ya kashe su ba, kuma abin da ya fi raba mai tsira da mai rasuwa shi ne yawan kwanakin da aka ɓata kafin a gane ta.

MAFARIN LABARI

Lassa wani gari ne na Margi a kudancin Jihar Borno ta yanzu, cikin Ƙaramar Hukumar Askira/Uba. A 1969 yana cikin Jihar Arewa Maso Gabas, ƙasa kuma tana tsakiyar yaƙin basasa. Akwai wani ɗan asibitin mishan a garin, inda wata nas Ba'amurkiya mai suna Laura Wine, wadda ta haura shekara 60, take aiki. A watan Janairu na shekarar ta fara jin ciwon baya da zazzaɓi, daga nan maƙogwaronta ya yi gyambo. Aka ba ta maganin maleriya, aka yi mata allurar fenisilin, duk a banza. Da abin ya tsananta sai aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa asibitin Bingham na mishan da ke Jos, inda ta rasu ranar 26 ga Janairu.

Nas ɗin da ta yi jinyarta a Jos, Charlotte Shaw, tana da ɗan yanka a yatsa, kuma da wannan hannun ta goge wa majinyaciyar baki. Bayan kwanaki kaɗan ita ma ta kwanta, ta rasu ranar 13 ga Fabrairu. Likitar asibitin, Dokta Jeanette Troup, ta buɗe gawar domin ta ga abin da ya kashe ta, babbar nas Lily Pinneo, wadda ake kira Penny, tana taya ta. Ba a daɗe ba ita ma Penny ta kamu. Wannan karon sai aka fitar da ita ta Legas zuwa birnin New York a farkon watan Maris, tare da samfurin jinin waɗanda suka rasu. Ta yi mako tara a asibiti, ta rame ƙwarai, gashinta ya zube, jinta ya ragu, amma ta tashi. Ita ce mutum ta farko da aka tabbatar ta yi wannan cuta ta kuma rayu, har ma ta komo Nijeriya ta ci gaba da aikinta, ta kuma haura shekara 90 a duniya.

Jinin nan aka kai ɗakin gwaje-gwaje na Jami'ar Yale, inda Jordi Casals da Sonja Buckley da Wilbur Downs suka gano cewa wata sabuwar ƙwayar bairos ce da ba a taɓa rubuta ta ba, aka laƙaba mata sunan garin da majinyaciya ta farko ta fito. A watan Yuni shi kansa Casals ya kamu a wurin aiki, ya kusa baƙuntar lahira. Sai likitoci suka ɗebi ruwan jinin Penny, wanda ke ɗauke da garkuwar da jikinta ya gina, suka ƙara masa, ya farfaɗo. A watan Disamba cutar ta kashe wani ma'aikacin ɗakin gwajin mai suna Juan Roman, alhali ba shi ne ke aiki da ƙwayar ba. Wannan ya sa Yale ta daina aiki da ƙwayar mai rai, aka mayar da shi ɗakin gwaji mai tsananin tsaro na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka a birnin Atlanta.

A nan ya kamata a yi wa mutanen Lassa adalci. Binciken ƙwayar halittar cutar da aka buga a 2015 ya nuna cewa ta haura shekara 1,000 a yankin da ake kira Nijeriya a yau, kuma daga nan ta bazu zuwa yamma cikin 'yan ƙarnonin baya. Ke nan kakanninmu sun daɗe suna mutuwa da ita da sunan zazzaɓi ko masassara ko sammu, sai da ta taɓa ma'aikatan mishan waɗanda ke da hanyar kai jini Amurka sannan ta samu suna. A shekarar 2015 ɗin ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina sa wa sababbin cututtuka sunan gari ko ƙasa, amma ga Lassa bakin alƙalami ya riga ya bushe.

JOS, 1970

A watan Janairu na 1970, daidai lokacin da ake murnar ƙarewar yaƙi, cutar ta sake ɓulla a Jos, a asibitin Evangel wanda mutanen gari suka fi sani da Jankwano. Wata mata ce da ba ta daɗe da haihuwa ba aka kwantar da zazzaɓi da tari mai tsanani. Ita ta warke ta koma gida, amma cikin makonni kaɗan waɗanda suka kwanta ɗaki ɗaya da ita, da masu jinya, da 'yan dubiya, da ma'aikata, suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. An ƙirga mutum 28, 13 daga cikinsu suka rasu. Dokta Troup, wadda ta ga abin da ya faru a shekarar da ta gabata, ta yi zargin cutar ce ta dawo. Domin ta tabbatar sai ta buɗe gawar wani da ya rasu, wuƙar aiki ta yanke ta a yatsa ta cikin safar hannu. Ta rasu ranar 18 ga Fabrairu, 1970. Penny ta taso daga Amurka da ruwan jinin da aka yi fatan zai cece ta, amma ba ta iso a kan lokaci ba.

A 1972 aka ga irin wannan a Zorzor ta ƙasar Laberiya, inda wata nas mai suna Esther Bacon ta rasu bayan ta yi wa wata mai ciki da ta yi ɓari aiki, da kuma Panguma ta ƙasar Saliyo. A Panguma ne masu bincike, cikinsu har da Thomas Monath, suka ɗana tarko suka kama ɓeraye da jemagu da sauran ƙananan dabbobi, suka gano ƙwayar a jikin wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa, aka buga sakamakon a 1974. Shi wannan ɓera cutar ba ta kayar da shi, yana yawo da ita ne tsawon rayuwarsa, yana zubar da ita cikin fitsari da kashi a kan hatsi da gari da kwanon da aka bari a buɗe. Da rani, idan an girbe amfanin gona an ƙone daji, sai ya yo ƙaura zuwa gidaje da rumbuna. Shi ya sa a ƙasarmu cutar ta fi ƙamari daga Disamba zuwa Afrilu.

ALAMOMINTA

Abin da aka sani dalla-dalla game da alamomin cutar, yawancinsa daga Saliyo ya fito, inda wani likita Ba'amurke mai suna Joseph McCormick da abokan aikinsa suka share shekaru suna rubuta halin kowane majinyaci a asibitocin gabashin ƙasar. A rahoton da suka buga a 1987 kan majinyata 441 da aka kwantar, kashi 16.5 cikin 100 ne suka rasu, kuma kashi 17 cikin 100 kacal aka ga suna zubar da jini. Wato cikin kowane mutum shida da cutar ta kai su ga gadon asibiti, biyar ba su zubar da jini ba. Alamomin da suka fi nuna ita ce idan suka haɗu su ne zazzaɓi, da ciwon maƙogwaro, da ciwo a tsakiyar ƙirji, da wani sinadarin furotin da ke fita cikin fitsari wanda sai gwaji ke nunawa.

Ga yadda takan tafi. Bayan ƙwayar ta shiga jiki takan yi kwana 6 zuwa 21 kafin mutum ya ji wani abu. Tana farawa ne a hankali, da zazzaɓi da kasala da ciwon jiki, babu abin da ya raba ta da maleriya ko taifot. Bayan 'yan kwanaki sai ciwon kai da ciwon maƙogwaro da ciwon ƙirji da tari, da amai da gudawa da ciwon ciki. Ga wanda ta yi wa tsanani, a mako na biyu ne fuska da wuya kan kumbura, ruwa ya taru a ƙirji, bugun jini ya yi ƙasa, fitsari ya ragu, wani ya fara ruɗewa ko jijjiga ko suma, wani kuma jini ya riƙa tsattsafowa ta dasashi ko hanci ko gaba. Wanda zai rasu yawanci cikin kwana 14 da fara ciwo ne.

Dalilin wannan tsari shi ne, ƙwayar tana raunana bangon ƙananan jijiyoyin jini ne har su riƙa yoyo kamar tsohuwar salka. Ruwan da ya kamata ya zauna cikin jijiya sai ya tsiyaye zuwa cikin nama da huhu, abin da ya rage ya kasa isa ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa, su kuma su gaza ɗaya bayan ɗaya. Zubar jini, in ma ya zo, yana zuwa ne a ƙarshen wannan tafiya, kuma alama ce ta cewa ciwo ya yi nisa. Wanda ya ce sai ya ga jini zai yarda Lassa ce, daidai yake da mai jiran ya ga rufin ɗaki ya rufta kafin ya yarda gobara ce.

Ba Lassa kaɗai ke da wannan hali ba. Likitoci sun sa ta aji ɗaya da Ebola da Marburg da shawara da denge, suna kiransu zazzaɓi masu sa zubar jini, sunan da ya ruɗi mutane da yawa. A annobar Ebola ta 2014, cikin majinyata 44 da aka rubuta alamominsu cikakke a asibitin Kenema na Saliyo, mutum ɗaya tak aka ga yana zubar da jini, sauran zazzaɓi ne da ciwon kai da kasala da gudawa. Haka baƙon da ya sauka Legas da Ebola ranar 20 ga Yuli, 2014, maleriya aka fara zato, sai da Dokta Stella Adadevoh ta yi zargin wani abu dabam ta hana shi fita. An tashi da mutum 20 da suka kamu a Nijeriya, 8 suka rasu, har da ita kanta.

WA KE TSIRA?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 80 cikin 100 na waɗanda ƙwayar Lassa ta shiga jikinsu ba sa jin komai, ko kuwa ɗan zazzaɓi ne ya wuce. Idan aka haɗa kowa da kowa, kimanin mutum 1 cikin 100 ke mutuwa. Amma cikin waɗanda ta tsananta har aka kwantar, ana rasa kimanin 15 cikin 100, wani lokaci fiye. Tambayar da likitoci suka shafe shekara 50 suna bi ita ce, me ya sa wannan ya tashi wancan bai tashi ba? Tarihi ya ba da amsa huɗu.

Ta farko ita ce lokaci. A 1986 McCormick ya buga sakamakon gwajin wani magani mai suna ribabirin. Cikin majinyatan da gwajin jini ya nuna hantarsu ta taɓu sosai, kashi 55 cikin 100 ke mutuwa idan ba a ba su maganin ba. Waɗanda aka fara yi wa allurar cikin kwana 6 na farkon ciwo, kashi 5 ne suka mutu. Waɗanda aka fara wa daga kwana na 7 zuwa sama, kashi 26. Tun daga nan wannan magani ya zama abin dogaro a Afirka ta Yamma. A 'yan shekarun nan wasu masana sun sake duba alƙaluman wancan gwaji, suka nuna akwai rauni a yadda aka tsara shi, shi ya sa ake sababbin gwaje-gwaje kan wannan magani da wasunsa. Amma babu wanda ya yi jayayya kan amfanin zuwa da wuri, domin ƙarin ruwa da lura da ƙoda da bugun jini duk sun fi tasiri kafin gaɓoɓin ciki su gaza. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Ta biyu ita ce ƙoda. Asibitin koyarwa na Irrua a Jihar Edo, wanda ya kafa cibiyar bincike da yaƙi da Lassa a 2007, ya bi diddigin majinyata 291 da ya kwantar tsakanin 2011 da 2015. Kashi 24 cikin 100 suka rasu. Fiye da kashi ɗaya bisa huɗu ƙodarsu ta samu matsala, kuma cikin waɗannan kusan 6 cikin 10 ba su tashi ba. Wannan ne ya sa aka fahimci cewa injin wankin ƙoda a cikin ɗakin da aka keɓe masu Lassa ba ado ba ne. A asibitin tarayya na Owo a Jihar Ondo, inda aka tanadi irin wannan kulawa, an bi majinyata 510 daga 2018 zuwa 2020, aka rasa 62, wato kashi 12 cikin 100.

Ta uku ita ce shekaru. Rahoton Irrua da na Owo duk sun nuna cewa haɗarin yana ƙaruwa da girma, na Owo ma ya sa iyakar a shekara 45. Wannan ya shafi manyan yayyenmu a wannan ƙungiya da kuma iyayenmu da ke gida, waɗanda su ne suka fi cewa a bari a gani zuwa gobe.

Ta huɗu, kuma mafi ban tausayi, ita ce juna biyu. Wani bincike da aka buga a 1988 kan mata masu ciki a Saliyo ya nuna cewa kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu a watanni ukun ƙarshe sun rasu, alhali kashi 7 ne a watanni shida na farko. Abin da ke cikin kuwa, fiye da 8 cikin 10 ba sa rayuwa.

Wanda ya tsira ma ba lallai ne ya fita salin-alin ba. Kimanin mutum 1 cikin 4 na waɗanda suka warke kan samu kurumta a kunne ɗaya ko duka biyu, sau da yawa a daidai lokacin da suka fara murmurewa, kuma ba ruwanta da ko ciwon ya yi tsanani ko bai yi ba. Rabinsu jin kan ɗan dawo bayan wata 1 zuwa 3, sauran kuwa shi ke nan. Wasu gashinsu kan zube na ɗan lokaci, wasu su riƙa tangaɗi in suna tafiya. Abokina yana cikin rabin da jin bai dawo ba.

ASIBITI MA YA SHA ZAMA TARKO

Duk wanda ya bi wannan tarihi zai lura cewa sunayen da ke cikinsa yawanci na nas ne da likita. A 1989 cutar ta shiga wasu ƙananan asibitoci biyu a Jihar Imo ta wancan lokaci, mutum 34 suka kamu, 22 suka rasu. Cikin waɗanda suka kamu akwai nas shida da likitoci uku. Binciken da aka yi ya nuna cewa amfani da sirinji ɗaya ga mutane da yawa, da yin tiyata babu cikakkiyar kariya, su ne suka yaɗa ta. A Saliyo, Dokta Aniru Conteh, wanda ya shafe shekaru yana kula da ɗakin masu Lassa a Kenema har a lokacin yaƙin basasar ƙasar, ya rasu a watan Afrilu na 2004 bayan allurar da ya ɗebi jinin wata majinyaciya da ita ta soke shi. A watan Janairu na 2020 kuma aka rasa likitoci biyu a Kano bayan an yi wa wata mai ciki aiki ba a san tana ɗauke da cutar ba. Daga yatsan Dokta Troup zuwa wannan shekara 50 ne cif, amma hanyar ɗaya ce.

Duk da haka, binciken ƙwayar halitta da aka yi a lokacin annobar 2018 ya nuna cewa yawancin waɗanda suka kamu daga ɓera suka ɗauka, ba daga mutum ba. A shekarar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta tabbatar da mutum 633, aka rasa 171. A 2020 an tabbatar da 1,189, aka rasa 244. Jihohin Ondo da Edo da Bauci da Taraba da Ebonyi su ne suka fi yawan fitowa a rahotannin. A 2024 aka fara gwaji mataki na biyu na wata allurar rigakafi a Abuja, amma kafin a kai ga wadda za a yi wa jama'a, tsabta da hanzari su ne makamanmu.

DARASI

Da nake karanta labarin ɓeran nan sai na tuna zamanmu na makaranta. Wane ne cikinmu bai taɓa buɗe akwatinsa ya tarar ɓera ya huda ledar garin kwaki ko ƙuli-ƙuli, ya kaɗe wajen da ya taɓa, ya jiƙa sauran ya sha ba? Wane ne ya manta farautar ɓera da muke yi da tsintsiya da takalmi a ɗakin kwana, a kashe shi a ɗauke shi da hannu ta wutsiya? Allah ne kawai ya tsare mu. Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mu ke shanya hatsi da rogo a bakin titi, mu bar kwano a buɗe ya kwana, mu tara shara a bayan madafa.

Saboda haka ina da roƙo uku ga 'yan uwa. Na farko, a gidajenmu a rufe abinci da hatsi cikin mazubi mai murfi, a toshe ramuka, a nesanta juji da gida, kada kuma a bar yara su taɓa mataccen ɓera da hannu. Na biyu, duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya bayan kwana biyu ko uku, musamman da rani, balle in ya zo da ciwon maƙogwaro ko ciwon ƙirji, ko kuma mai ciki ce, to a bar kemis a nufi asibiti, a kuma buɗe baki a tambayi likita ko akwai bukatar gwajin Lassa. Mai jinya ya guji taɓa amai da fitsari da jinin majinyaci da hannu tsirara, kuma idan ta Allah ta kasance, a bar jami'an lafiya su jagoranci suturar. Na uku, ina ba shugabanninmu shawara cewa cikin ayyukan da ƙungiya ke yi wa makarantarmu, a sa gyaran siton abinci da sayen ganguna masu murfi, sannan 'yan uwanmu likitoci da nas da ke cikin ƙungiya su riƙa ware rana ɗaya kafin hutun Disamba su yi wa ƙannenmu bayani.

Kafin mu rabu da abokina na tambaye shi ko yana jin haushin yayansa. Ya ce ko kusa, ai abin da yayan ya faɗa shi ne abin da dukkanmu muka sani a lokacin, shi kansa da wani ne ya kwanta haka zai ce. Ya ce da maiɗakinsa ta ƙara jiran kwana biyu ko uku, mai yiwuwa da sunansa yana shafin ta'aziyya na wannan mujalla. Da izininsa na kawo labarinsa, ya kuma ce in gaya wa 'yan ajinmu cewa duk mai son hira da shi a taro mai zuwa ya zauna ta damansa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya saka wa ma'aikatan lafiyarmu da alheri, ya kuma kare mu da iyalanmu baki ɗaya, amin.